Ƙofar Ɗakin Ibada: Tsakanin Karamci da Tsoro

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ba da labarin baƙin Annabi Ibrahim (AS) a Suratu Hudu da Suratuz Zariyat. Mutane ne suka yi masa sallama, bai san su ba, bai san daga inda suka fito ba. Bai tsaya yi musu tambayoyi ba, ya shiga gida ya kawo musu gasasshen maraƙi. Da ya ga hannuwansu ba su kai ga abincin ba, tsoro ya kama shi, sannan suka bayyana masa cewa mala'iku ne. Karamcinsa ya riga saninsa da baƙin, kuma tsoron da ya ji bai rage masa komi ba a muƙaminsa na Badaɗin Allah.

Yahudawa ma suna jingina kansu ga wannan gado. A ruwayoyinsu, tantin Annabi Ibrahim a buɗe yake ta kusurwa huɗu, don kada matafiyi ya wahala wajen neman ƙofa. Wani rubutu a jikin dutse da aka tono a birnin Ƙudus, wanda ya kusa shekara 2,000, ya nuna cewa an gina wata majami'arsu tare da ɗakunan saukar baƙi da wurin ruwa, kamar dai yadda ake gina zawiya. Har yau wasu addu'o'insu na jam'i ba sa yiwuwa sai mutum goma sun haɗu. A garin da suke ƴan kaɗan, matafiyin da ya shigo shi ne sau da yawa ke cika na goman, sai baƙo ya zama wanda ake jira. Bayan ibadar safiyar Asabar sukan zauna a ci a sha tare, a tambayi sabuwar fuska sunanta da garinta, wani ma ya ja shi gida cin abinci.

Wannan al'ada ta gamu da jarrabawa mai tsanani. Ranar 15 ga Janairun 2022, a garin Colleyville na jihar Teksas a Amurka, wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar majami'a da safe, ana sanyi. Malaminsu, Charlie Cytron-Walker, ya buɗe masa, ya haɗa masa shayi. Ana cikin ibada, malamin ya juya baya, sai baƙon ya zaro bindiga. Ya yi garkuwa da mutum huɗu, aka kai kusan awa 11 kafin na ƙarshensu su kuɓuta, shi kuma jami'an tsaro suka harbe shi. Abin baƙin ciki, mai ɗauke da sunan Musulunci ne ya yi wannan cin amana.

A birnin Halle na Jamus kuwa, ranar 9 ga Oktoban 2019, ranar babban azuminsu, wani Bajamushe mai aƙidar ƙin jinin baƙi ya zo da makamai. Mutum wajen 50 ne a ciki. Ƙofar katako ce a kulle, ya yi ta harbinta ta ƙi buɗuwa, duk wanda ke ciki ya tsira, ko da yake ya kashe mutum biyu a waje.

Ga ƙofa biyu ke nan. Wadda aka buɗe ta jawo bala'i, wadda aka kulle ta ceci rayuka. Shin hankali bai ce a kulle ba? Tambayar ba ta mutanen nesa ba ce kaɗai. A watan Maris na 2025, cikin Ramadan, an kashe masallata 44 ranar Juma'a a Fambita, jihar Tillaberi. Duk muƙaddamin da ke jagorantar wazifa a yankin da ƴan bindiga ke kai hari ya san abin da zuciya ke ji idan baƙuwar fuska ta shigo da'ira bayan magariba.

Masu cewa a kulle suna da hujja. Kare rai na cikin manyan manufofin shari'a, kuma rayukan jama'a amana ce a wuyan mai kula da wuri. Manzon Allah (SAW) ya umurci mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya yi tawakkali. Wanda ya bar ƙofa babu mai lura, ya kira hakan dogaro ga Allah, sakaci ya yi. Shi kansa malamin Colleyville ya ce horon tsaro da ya samu ne ya taimake shi ya gane lokacin da ya dace, ya jefi maharin da kujera suka ruga waje.

Sai dai wannan malamin ne kuma ya rubuta daga baya cewa ba zai daina karɓar baƙo ba. A nan ilimin tarbiyya ke da abin faɗa. Kulle ƙofa aikin hannu ne, ana yi ana warwarewa gwargwadon hali. Kullewar zuciya ita ce cutar da shehunnai ke tsoro, domin idan munana zato ya samu wurin zama a zuciya ba ya tsayawa kan baƙo. Yakan wuce kan maƙwabci, ya wuce kan ɗan'uwan da ake zikiri tare da shi. Maharin da ya sa mutane suka fara kallon kowane matafiyi a matsayin maƙiyi ya ci su da yaƙi, ko da bai taɓa jikin kowa ba. Saboda haka a sa mai gadi, amma mai sakin fuska. A tambayi baƙo sunansa, amma bayan an amsa sallamarsa an ba shi ruwa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Alherin da aka saba yi a gida ba ya tsayawa a gida. A Janairun 2017 aka ƙone masallacin garin Victoria, shi ma a Teksas. Ƴan tsirarun Yahudawan garin suka ɗauki makullan majami'arsu suka miƙa wa Musulmi, don su samu wurin salla. A shekarar 2018, da aka kashe mutum 11 a wata majami'a a Pittsburgh, Musulmin Amurka suka tara fiye da dala 200,000 don iyalan mamatan.

Wani zai ce: yaya za a yi zancen karamcin Yahudawa alhali ga halin da Falasɗinawa ke ciki? Zafin da ke zuciyarsa gaskiya ne, kuma yin Allah wadai da zalunci wajibi ne. Amma Alƙur'ani ya koyar cewa ba a ɗora wa rai laifin wani ran, kuma ƙin mutane ba ya halatta barin adalci. A Suratul Hajji, aya ta 40, Allah ya ambaci wuraren ibadar Yahudawa da na Nasara tare da masallatai, cikin abin da yake karewa daga rushewa. Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, ya je duba yaron Bayahude da ke yi masa hidima lokacin da ya kwanta ciwo. Yabon kyakkyawan hali a inda aka gan shi bai zama yarda da aƙidar mai shi ba. Hikima ɓatacciyar dukiyar mumini ce.

Ɗan ɗariƙa ya fi kowa cancantar riƙe wannan sunna. Wanda ya taɓa zuwa maulidi a Kiota ya ga yadda ake ciyar da dubban mutane ba tare da an tambayi kowa ko ɗan wane ne ba. Abin da ya rage shi ne na kullum: ɗalibin da ya zo Yamai karatu bai san kowa ba, ɗan gudun hijirar da ya sauka Maraɗi, fatken da dare ya riska a Damagaram ko Tawa. Idan irinsu suka zauna a ƙarshen sahu, aka shafa fatiha aka watse babu wanda ya miƙa musu hannu, to an yi zikirin baki, an bar gadon Annabi Ibrahim a bakin ƙofa.

Allah ya tsare ɗakunan da ake ambaton sunansa a cikinsu, ya ba ƙasar Nijar zaman lafiya, ya wanke zukata daga munana zato, albarkar Shugaban halitta (SAW). Amin.