Alfijirin ƙarya: wa ya yi ƙaryar?



Na taɓa kwana a wani ƙauye tsakanin Bakura da Talata Mafara, inda babu wutar lantarki. Ladan ya kira assalatu, muka fito, na ɗaga kai gabas sai na ga wani farin haske siriri ya miƙe tsaye zuwa sama, gefe da gefensa duhu. Na ce masa, "Baba, a ɗan dakata." Bai ji daɗi ba, ai ya haife ni. Amma sallar Asuba kafin shigar lokaci ba ta inganta, kuma sallar mutane ce a wuyansa.

Wannan shi ne alfijirul kazib na littattafan fiƙihu, wanda ake kamantawa da wutsiyar kerkeci. Na gaskiya kuwa a kwance yake bazuwa, yana ƙaruwa.

To mene ne hasken? Ƙura ce. Ba irin ta hunturu da ke turnuƙe Maradun ba, waccan daga sahara take, galibi yankin Bodele na Chadi, kuma ɓoye hasken ma take yi. Wannan tana can sararin samaniya, tsakanin duniyoyin da ke kewaya rana. Taurari masu wutsiya na zubar da ita idan sun kusanci rana, duwatsun sama kuma na haifar da ita idan sun yi karo. Hasken rana ya faɗa mata alhali ranar tana can ƙasa, sai mu gani. A hankali ƙurar ke gangarawa wajen rana, sabuwa na maye gurbinta. A 2021 ma, masu nazarin bayanan kumbon Juno na Amurka, wanda aka aika Mushtari, sun kawo ra'ayin cewa wataƙila wani ɓangarenta daga Mirrihu yake.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne sunan. Ƙurar ba ta ce ita ce asuba ba. Hasken nata ma na rana ne, na gaske. Mai kallo ne ya yi gaggawar yanke hukunci. Kuma Baba ladan bai yi ƙarya ba, wallahi ya ga haske. Shi ya sa nake jin tsoron mai cewa "da idona na gani" idan ana maganar mutuncin wani, don ganin yana iya zama daidai, fassarar ta zama kuskure.

Mun zauna a tabarma muna jira, har farin ya kwanta a gabas, sannan ya sake kira.