Rumbun Gari da Ɗakin Mai Ɓoyo

Duk wanda ya san karkara ya san yadda manomi ke sayar da geronsa da araha lokacin kaka, don ya biya bashin taki ko ya aurar da 'ya, sa'annan idan damina ta yi tsakiya ya koma kasuwa ya sayi wannan geron da tsada. Yuli da Agusta sun fi tsanani: rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, kuma a lokacin ne gona ta fi bukatar mai ita. Sai ya bar tasa ciyawa na cinye ta, ya tafi ƙwadago gonar wani don tiyar da za a dafa da dare. Shi ya sa tun bayan farin 1973 ƙauyuka da yawa, musamman a Nijar, suka kafa bankunan hatsi, wato rumbun gari: a haɗa ƙarfi a saya da kaka, a kulle, a buɗe wa 'yan gari idan wuya ta zo. To amma akwai masu ɗari-ɗari da abin ta fuskar addini, kuma sun cancanci a ba su amsa.

Masu cewa tanadin abincin baɗi raunin tawakkali ne, amsarsu ba ta da nisa. Annabi Yusufu, alaihis salamu, ya umarci mutanen Masar su tara amfanin shekaru bakwai, su bar shi cikin zangarniyarsa, kamar dai yadda manomanmu ke jera damin gero a rumbu ba tare da sussuka ba don ya jure ƙwari. Ya kuma inganta cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara guda. Ba wanda zai ce ya fi su dogaro ga Allah.

Tambaya mai nauyi ita ce ta ihtikari. Shari'a ta hana ɓoye abinci don jiran tsada, ga shi kuwa rumbun gari ma saye yake yi da araha ya kulle har farashi ya tashi. Daga waje, ɗakin mai ɓoyo da rumbun gari ba su da bambanci: buhuna ne jere, ga kwaɗo a ƙofa. Ni a ganina abin dubawa shi ne wa ke riƙe da mabuɗi, da kuma ranar da yake buɗewa. Malaman Malikiyya sun rataya haramcin ga cutar da mutane, har suka ce shugaba na iya tilasta wa mai ɓoyo ya fito da kayansa idan jama'a sun matsu. Mai ɓoyo yunwar maƙwabcinsa ce ribarsa, don haka duk tsanantarta sai ya ƙara jinkiri. Rumbun gari kuwa ranar da yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa yake buɗewa, ya sayar ƙasa da kasuwa, kuma buɗewarsa kaɗai takan tilasta wa ɗan kasuwa ya sassauto. Abin da ya faru a Nijar a 2005 ya isa hujja. Fari da fara sun yi ɓarna a 2004, amma kasuwannin Maraɗi ba su rasa hatsi ba. Farashin ne ya gagari talaka, dubban yara suka kwanta da tamowa alhali buhuna na nan a kasuwa. Garin da ya bar duk hatsinsa ya fita da kaka, ya miƙa wuyansa ga wanda ya saya.

Inda nake tare da masu suka shi ne batun riba. Wasu bankunan hatsi kan ba da tiya goma da damina, a ce a dawo da goma sha biyu da kaka. Wannan rance ne da aka sharɗanta wa ƙari, kuma kyakkyawar niyya ba ta halatta shi. Sai dai gyaransa ba wuya: a sayar da hatsin kuɗi hannu a farashin da zai biya buhu da gadi da jigila, wanda ba shi da ko sisi a ranta masa ya mayar daidai da abin da ya karɓa, wanda ya gaza gaba ɗaya kuma a ba shi daga zakkar hatsi, wadda ushiri ce ga noman ruwan sama, a adana ta daban da sunan masu haƙƙi.

Saura amana, kuma ita ce ta kashe bankuna da yawa. Wani hatsin ƙwari suka cinye, amma buhunan PICS masu ruɓi uku, waɗanda ke hana iska shiga, sun rage wannan asara ba tare da magani ba. Wanda ya fi ciwo shi ne wanda 'yan kwamiti suka ranta wa danginsu ba a dawo da shi ba. Dole a auna a gaban jama'a, a rubuta, a raba mabuɗai hannu fiye da ɗaya, a kuma sa mata a ciki, domin su ke fara sanin ranar da tukunya ta daina hawa murhu a gidan maƙwabta.