Hannun Da Likita Ya Hana Ɗagawa: Ina Matsayin Ibadar Mai Shi?

Makon nan za mu tattauna a kan wata matsala da wani dattijo ya kawo mini bayan an yi masa aikin zuciya. An sanya masa na'urar nan mai daidaita bugun zuciya, wadda wasu ke kira batirin zuciya, likita kuwa ya gargaɗe shi kada ya ɗaga hannunsa na hagu sama da kafaɗa, kada kuma ya ɗauki kaya mai nauyi har sai makonni sun wuce. Ya ce da ni, "Malam, shekara sittin ina ɗaga hannuwana in yi kabbara yadda na saba. Yau in taƙaita domin tsoron wata waya, ashe ban fifita maganar likita a kan ibadata ba?"

Tambaya ce mai nauyi, domin ta fito daga zuciya mai tsoron Allah. Amma kafin hukunci, wajibi ne a san abin da ake yi wa hukuncin. Ita wannan na'ura 'yar ƙarama ce, ana sanya ta ƙarƙashin fata a saman ƙirji, galibi ta ɓangaren hagu. Daga jikinta ake zura siraran wayoyi ta cikin jijiyar jini har su isa zuciya, in bugun ya yi jinkiri sai ta aika ɗan lantarki ta zaburar da shi. Bakin wayar nan yana bukatar lokaci kafin nama ya kama shi ya riƙe. Idan aka fizgi hannu sama da ƙarfi a kwanakin farko, waya tana iya gocewa daga mazauninta, watakila har a koma ɗakin tiyata. Dalilin hanin ke nan, kuma likitoci da yawa sukan ba da mako 4 zuwa 6, ko da yake kowane majinyaci da abin da nasa likitan ya ɗiba masa.

To, shin bin wannan hani raunin tawakkali ne? Lalle ba haka ba ne. Jikin nan amana ne aka ba mu, mai riƙon amana kuwa ba shi da ikon wasa da ita, ko da sunan ibada. Imran bin Husaini, Allah ya yarda da shi, ya yi fama da basir, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi masa izinin salla a zaune in tsayuwa ta gagara, ko a kishingiɗe in zaman ma ya gagara, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Tsayuwa rukuni ce a sallar farilla, amma ta faɗi saboda ciwo. Ina kuma ga ɗaga hannu wajen kabbarar harama, wanda malamanmu na Malikiyya ba su lissafa shi cikin farillan salla ba? Mai Risala ma ya ba da damar a tsayar da hannu daidai kafaɗa ko ƙasa da ita. Wajen alwala, shafar kai da hannun dama kaɗai ta wadatar. Wajen wanka, in ruwa zai cuci miki, sai a shafa bisa bandejin. Wajen tashi daga sujada kuwa, in dogara da hannu zai yi lahani, mutum ya zauna ya yi sallarsa. Abu Dawuda ya kawo labarin mutumin da aka ce tilas ya yi wanka alhali yana da rauni a ka, ya yi, ya mutu, Annabi ya yi fushi ƙwarai da waɗanda suka ba shi fatawa ba da sani ba.

Sai dai akwai wani rami a ɗaya gefen. Wasu majinyata tsoro kan kama su, su manne hannu a ƙirji dare da rana, ba sa ko kai loma baki da shi. Likitoci sun san ƙarshen wannan: kafaɗa takan sandare, a warke daga aikin zuciya a shiga jinyar kafaɗa wata da watanni. Abin da ake so shi ne a riƙa motsa hannun a hankali cikin iyakar da aka yarje. Ashe wanda ya ƙetare iyaka da wanda ya daskare don waswasi duk sun saki hanya. Hattara ita ce mutum ya lura da alamu na gaskiya, watau kumburi ko ja ko ruwa a wurin aikin, zazzaɓi, jiri, suma, ko shaƙuwa da ta ƙi tsayawa, in ya gani ya garzaya asibiti. Waswasi kuwa shi ne kwana ido biyu ana ƙirga bugun zuciya saboda an juya a kan shimfiɗa.

Mai damuwa ya tuna da Arne Larsson na ƙasar Suwidin, mutum na farko da aka dasa wa irin wannan na'ura cikin jiki a 1958. Ta farkon ta tsaya bayan 'yan sa'o'i, aka yi ta sake masa wata har sama da 20, ya rayu zuwa 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar duk sun riga shi mutuwa. Ajali ba a hannun waya yake ba, amma an umarce mu da riƙon sababi, kamar Balaraben ƙauyen da aka ce ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah.

Na ce da dattijon nan, "Baba, ka ɗaga hannunka iyakar inda aka yarje maka. Wanda ya wajabta salla shi ne ya yi rangwamen, karɓar rangwamensa kuwa ɗa'a ce gare shi." Ku kuma iyalan majinyaci, ku ɗauke masa bokitin ruwa, ku taya shi sa riga, ku daina tsorata shi da labaran ji-ta-ji-ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa ciwon ya zama kaffara, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.