Kada Garin Neman Gashi a Rasa Kai

Jama'ar Kwaya, iyaye da ƴan'uwa na ƙasar Magaria da Dungas baki ɗaya, maganar gashin kai na zo da ita. Na san akwai dattijon da zai ce ana fama da tamowa da masassara, wa ke ta gashi? Yana da gaskiyarsa. Sai dai kuɗin da ke fita daga gidajenmu zuwa kwalaben maganin sanƙo kuɗin hatsi ne, abin da ke cikin kwalaben kuma ba a kan gashi yake tsayawa ba, yana ratsa fata ya shiga jini.

Kowa ya san ta inda suke zuwa. Wasu a motar lasifika ranar kasuwa, wasu a jakar ɗan ci-rani da ya dawo daga Kano ko Legas, wasu ta Maigatari. Yanzu kuma ga waya: hoton mutum da sanƙo yana sheƙi, kusa da shi hoton mutumin da suma har goshi, a ce aikin kwana 14 ne, a turo kuɗi. Mai, ƙwaya, feshi, har allura. Kowanne "sabo ne, daga waje".

Abu na farko da nake roƙon mu riƙe shi ne, zubewar gashi ba ciwo ɗaya ba ce. Alama ce, kuma abubuwan da ke kawo ta ba su ko yi kama da juna ba. Sanƙon maza, wanda ke farawa daga gefen goshi da tsakar kai, gado ne: wani sinadarin maza da ke jiki ne yake ƙanƙantar da saiwar gashi shekara bayan shekara. Na mai jego daban ne. Wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa sai ta ga gashi cike da mataji, hankalinta ya tashi, alhali mafi yawanci da kansa yake dawowa kafin yaro ya shekara. Haka wanda ya tashi daga masassara mai tsanani ko taifod. Ƙarancin jini, wanda ya yi wa matanmu yawa saboda haihuwa kusa-kusa da ƙarancin abinci mai gina jiki, shi ma yana zubar da gashi, maganinsa kuwa a ciki yake, ba a kai ba. Yaron da gashinsa ya yi ja, ya yi laushi, yana tsigewa da an taɓa, ku duba damtsensa da ƙafafunsa, wataƙila tamowa ce ke sallama. Wannan yaron awo yake bukata a likita yau ɗin nan. Ƙungiyar likitocin MSF tana aiki da asibitin Magaria kan irin waɗannan yara tun 2005, kuma ba mai ake shafa musu ba.

Ga makero, wanda ke cin kan ƴan makaranta da almajirai fegi-fegi, da ƙaiƙayi da farin gari. Ƙwayar cuta ce da ke shiga cikin silin gashin kansa, shi ya sa shafe-shafe kaɗai ba ya kashe ta. Maganin sha ake bayarwa, irin su girisiyofulbin, na mako 6 zuwa 8. Aska ɗaya, mataji ɗaya, hula ɗaya, su ke yaɗa shi daga kai zuwa kai. Sai kuma na kitso. Ƴan'uwana mata, gashin gaba da na gefe da ke ja da baya, sau da yawa ja ne ya jawo shi: kitson da aka ɗaure har gira ta ɗaga, ƙarin gashi mai nauyi, da man miƙar da gashi da ke ƙona fata. Idan aka sassauta da wuri yana dawowa. Idan aka shekara da shekaru ana ja har wurin ya yi santsi, saiwar ta mutu, babu kwalbar da za ta tayar da ita.

To, ku dubi waɗannan duka, sannan ku dubi mai kwalba ɗaya da ya ce tasa tana maganin kowanne. Bai tambaye ki ko kina jego ba. Bai tambaye ka ko mahaifinka na da sanƙo ba. Bai ɗaga hular yaro ya duba ba. Wanda bai nemi sanin dalili ba, ta yaya ya san magani?

Ma'auni na biyu lokaci ne, kuma manomi ya fi kowa gane shi. Da wani zai kawo irin geron da ya ce yana nuna cikin mako guda, babu mutumin Kwaya da zai ba shi ko dala. Gashin ɗan Adam kimanin santimita 1 yake yi a wata, ko na sarki ne. Magungunan da aka tabbatar ma sai an yi wata 3 zuwa 6 ana amfani da su kafin a ga wani abu. Mai alkawarin kwana 7 ko 14 ya riga ya faɗa muku ko shi wane ne. Hotunan kuma ba shaida ba ne, ana juya farko ya koma ƙarshe, ana barbaɗa baƙin gari a kai, waya ma yanzu tana iya ƙera fuskar mutumin da ba a taɓa haifa ba. Akwai wata dabara da ta fi wannan cutarwa: a sayar wa mai jego mai a wata na huɗu, gashinta ya dawo a lokacin da dama zai dawo, ita kuma da zuciya ɗaya ta shiga yi wa mai talla a gidan biki.

Ba ina cewa babu maganin gaskiya ba. Akwai, amma kaɗan ne, kuma kowanne da sharaɗinsa. Minoksidil asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura masu shan ta gashi na fito musu, sai aka mai da shi na shafawa, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988. Yana taimakon wasu, ba kowa ba, kuma ranar da aka daina, cikin ƴan watanni abin da ya fito zai zube. Ƙwayarsa da wasu ke sha yanzu ba tare da likita ba tana iya kawo bugun zuciya da kumburin ƙafa. A 2019 a ƙasar Sifen, an yi kuskure aka zuba shi cikin maganin ciki na jarirai, yara aƙalla 17 gashi ya rufe musu fuska da jiki. Wannan a Turai ke nan, inda ake sa ido. Na biyu finasterid, ƙwayar maza, an amince da ita a 1997. Tana rage wa wasu ƙarfin kusantar iyali, a 2025 kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatar tana iya jefa wasu cikin tunanin kashe kansu. Mace mai ciki ko fasasshiyar ƙwayar ba a so ta taɓa, don tana iya lahanta halittar ɗa namiji a ciki. Sababbin da aka fitar a 2022 da 2023 na wata cuta ce daban, wadda garkuwar jiki ke cinye gashi, suna da tsada ƙwarai, kuma sai da gwajin jini ake shan su.

Ku lura da abu guda: maganin gaskiya yana zuwa da jerin illolinsa a rubuce. Wanda aka ce "ba shi da illa ko kaɗan, na itatuwa ne zalla" shi ya fi ba ni tsoro. Sau da yawa irin waɗannan haɗe-haɗen a ɓoye ake zuba musu sinadarin da ke cikin man bilicin, kamar kulobetasol. Yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mutum ya ce ya dace, alhali yana sirantar da fata, in kuwa makero ne sai ya ƙara masa ƙarfi ya bazu.

Mu a ƙasar nan ba baƙin jabun magani ba ne. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa dubban mutane allurar rigakafi mai ɗauke da sunan manyan kamfanoni, daga baya aka gano babu magani a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 1 cikin 10 na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci. Idan an iya yi wa rigakafin sanƙarau haka, me zai hana a yi wa man gashi? Don haka a duba kwali: sunan abin da ke ciki da adadinsa, sunan masana'anta da garinta, ranar lalacewa. Kayan Najeriya a nemi lambar NAFDAC, amma a sani ana buga ta ƙarya, kuma rajistar farko da hukumar ke yi wa maganin gargajiya tana nufin an duba bai da guba, ba wai an tabbatar yana aiki ba. Kwalbar da aka ɗura a gida, ba suna ba kwanan wata, ta wuni a rana kan tebur, kada ta hau kan kowa.

Man kaɗanya, man shanu, man riɗi da iyayenmu suka saba da su ban da ja da su. Suna tausasa gashi, suna hana shi karyewa, haka ma cebe na matan Cadi. Tsawon da ake gani daga rashin karyewa ne. Amma ba sa tsirar da gashi inda saiwa ta mutu, kuma wanda ya zuba su a kwalba mai ƙyalli ya ninka kuɗin sau goma da sunan maganin sanƙo ya ci haram.

Akwai laifin da yake namu ne, mu jama'a. Jarin mai wannan talla ba kwalba ba ce, gorin da muke yi wa juna ne. Saurayin da abokai suka sa wa suna saboda sanƙo, matar da kishiya ko dangin miji suka yi wa habaici ranar tsifa, yarinyar da ake dariyar makeronta a makaranta, su ne ke sayar da akuya su sayi guba. Maigida, idan ka ga gashin iyalinka na zuba bayan haihuwa, hanta da wake da zogale za ka kawo, ka kai ta awon jini, ba baƙar magana ba. Sanƙo kuwa ba cuta ba ce, bai taɓa hana kowa noma ko limanci ko aure ba.

Wanzamai, ku ne kuka fi kowa ganin kawunan garin nan. Ku sauya reza ga kowane kai, ku wanke aska da almakashi, in kun ga fegi a kan yaro ku gaya wa ubansa ya kai shi likita. Masu kitso, idan yarinya na hawaye ko ƙuraje sun fito a layin kitso, hannu ya yi tsanani, ku sassauta ko da uwarta ta ce a ja. Malaman tsangaya, ku raba wa almajirai reza. Limamai da masu gari, motar da ke shelar magani a bakin kasuwa ana iya tambayar ta takardar izini, kuma hakkinku ne ku tambaya. Ƴan ci-rani, tsarabar da ba ku san abin da ke cikinta ba ku bar ta inda kuka gan ta.

Wanda ya riga ya saya kuma, kada kunya ta sa ya ɓoye. In kai ya yi zafi, ko ya kumbura, ko yana ruwa, a wanke da ruwa mai yawa da sabulu, a daina nan take. In ƙwaya ce aka sha har zuciya na bugawa, ko jiri, ko ƙafa ta kumbura, ko fuska, a tafi likita a ranar, kada a jira kasuwa ta zagayo. A tafi da kwalbar da kwalinta a nuna wa majo, wato babban ma'aikacin likitar, don ya san abin da yake yaƙi da shi, in abin ya fi ƙarfinsa ya tura Magaria ko babban asibitin Damagaram. Ragowar kuma kada a ba maƙwabci, kada a bar ta inda yaro zai kai hannu.