Wa Ke da Ikon Cewa "Ya Wuce"?



Akwai wata tsohuwa 'yar Ibo da rumfarta ke kusa da tawa a nan Anaca. Kwanakin baya hira ta kai mu ga yaƙin basasa. Ta ce da sojojin tarayya suka shigo garin a 1968 tana budurwa, uwarta ta goya mata jaririn maƙwabta don a ɗauka matar aure ce. Ita ta tsira. Yayarta kuwa wani soja ya jefa ta a mota, sai bayan yaƙi ta dawo da ɗa a hannu, ba waliyyi ba sadaki. Har ta mutu ba wanda ya ce mata sannu. Na buɗe baki zan ce abin da ya wuce ya wuce, wallahi sai maganar ta maƙale mini. Ni wane ne da zan faɗa mata haka?

A Islamiyya an koya mana hakki iri biyu ne. Na Allah, wanda in ka tuba Yana yafewa in Ya so. Da na bawa, wanda sai ka mayar, ko mai shi ya yafe da bakinsa. Liman ba ya yafe bashin wani, sarki ma haka. Da Janar Gowon ya ce a Janairun 1970 ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, ya kashe wuta, kuma Allah Ya saka masa. Amma bai tambayi matan nan ba. Kwamitin Mai Shari'a Oputa da aka kafa a 1999 ya saurari koke-koke, har da na ƙungiyar Ohanaeze, ya miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi ba.

Ba mu kaɗai aka jarraba da irin wannan ba. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Japan sun tsare matan Koriya, Sin da Filifin suna lalata da su. Kunya ta rufe bakinsu sama da shekara arba'in, sai a Agustan 1991 wata mai suna Kim Hak-sun ta fito fili ta faɗa. Daga Janairun 1992 ake taruwa duk Laraba gaban ofishin jakadancin Japan a Seoul. A 2015 gwamnatocin Japan da Koriya ta Kudu suka daidaita a kan yen biliyan ɗaya, wasu daga cikin tsofaffin suka ƙi, don an ƙulla ba da su ba. Abin da suke nema a amsa laifin, a rubuta shi inda jikoki za su karanta.

Na san abin da wasunku za su ce: Malam, muna zaune cikin mutane, kar ka tono mana fitina, ai namu ma an kashe a nan Gabas. Gaskiya ne, su ma jininsu hakki ne, kuma sojan nan ba duka 'yan Arewa ba ne. To amma da aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok a 2014, wa a cikinmu zai iya kallon uwa ɗaya ya ce mata ta manta?

Washegari na koma rumfar tsohuwar, na ce abin da aka yi wa yayarta zalunci ne, addinina bai yarda da shi ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta faɗa min sunan yayar.