Sunan Aro a Intanet: Sutura ko Makami?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Masanin fake da bayyane, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, wani dattijo ya same ni bayan sallar La'asar a nan Sabon Gida, idonsa cike da hawaye. An sa ranar auren ɗiyarsa, sai wani ya buɗe shafi a Facebook da sunan aro, ya jefe ta da alfasha. Kafin kwana uku magana ta kai kasuwar Madawa, ta kai ga ƴan ci-raninmu na Libiya da Abijan. Dangin ango suka janye, kuma har yau babu wanda za a ce wa ya kawo shaida.

To, shin ɓoye suna haramun ne? Lalle a kan kansa ba haramun ba ne. Allah Ya ba mu labarin muminin nan na gidan Fir'auna mai ɓoye imaninsa a Suratu Gafir, aya ta 28, bai kuwa ambaci sunansa ba. Matar da ke son fatawa kan sirrin aurenta, da majinyacin da ke kunyar faɗin cutarsa, idan suka sakaya sunansu, sun yi wa kansu sutura ne, ba su cuci kowa ba.

Amma a lura, wanda ya yi magana da sunansa ya ba da mutuncinsa jingina, idan ƙarya ya yi shi zai sha kunya. Mai jifan mutane da sunan aro kuwa, so yake ya zubar da mutuncin wani alhali nasa yana adane. Wane manomi ne zai ba da buhun albasa bashi ga baƙon da ya rufe fuska ya ƙi faɗin sunansa? Ashe mutuncin ɗiyar Musulmi bai kai buhun albasa ba?

Saboda haka ne malaman Hadisi ba su kafa hujja da ruwayar majhuli, wato wanda ba a san shi ba. Suratul Hujurati, aya ta 6, ta umurce mu da bincika labarin fasiƙi, ina ga wanda ko sunansa ba mu sani ba? Suratun Nur, aya ta 4, ta wajabta shaidu 4 a kan mai ƙazafi, in ya rasa su bulala 80. Hukuma ma ta kafa dokar laifukan intanet a 2019, an cire ɗauri kan ɓata suna a 2022, aka mayar da shi a 2024.

Sai dai kada neman mai laifi ya kai mu ga tuhumar maƙwabci bisa zato, domin aya ta 12 ta Hujurati ta hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane.

Ma'auni dai shi ne: kafin ka rubuta, tambayi kanka ko za ka iya faɗin wannan magana da sunanka a ƙofar masallaci, gaban mahaifin wanda kake zance. In ba za ka iya ba, kame hannunka. In kuma turo maka aka yi, to, ta mutu a wayarka. Mala'iku masu rubutu ba su san sunan aro ba.

Allah Ya suturta mu duniya da Lahira, amin.