Idon Mai Wucewa

Ba a cika jayayya da karin maganar nan da ke cewa tafiya mabuɗin ilimi ce ba. Mukan rubuta ta a allo, mu ba ɗalibai su yi insha'i a kanta, su kuma su cika takarda da yabon tafiya, ko da kuwa iyakar zuwansu daga Tasawa zuwa Maraɗi ne. Sai dai kowa ya san wani wanda ya kewaye ƙasashe ya komo da abin da ya tafi da shi a ka, bai ƙaru da komai ba sai ƙura a rawani. Abin da nake so mu duba a nan shi ne: mutumin da ya ratsa ƙauyuka da duwatsu a guje, ya ci abincin mutane, ya kwana a zaurensu, gari ya waye ya wuce, me ya sani game da su, kuma wane bashi suke binsa?

A cikin abubuwan hawa, babur ne ya fi tsananta wannan tambaya. Wanda ke cikin mota ya san akwai gilashi tsakaninsa da mutane, ba ya ruɗin kansa. Mai tafiya a ƙasa ko bisa raƙumi kuwa, dole ya daɗe a kowane zango har a san sunansa. Mai babur yana tsakanin biyun. Rana na dukansa, ƙura na shiga haƙoransa, yana jin ƙamshin girki idan ya kusanto gari, yana jin sanyin kwari idan ya gangaro daga tudu, kuma yana bin turbar da mota ba ta iya bi. Amma idonsa na kan rami da yashi da akuyar da ka iya tsallakowa. Ƙasa tana taɓa jikinsa ƙwarai, shi ya sa yake saurin zaton ya san ta.

Tafiyar babur da ta fi kowace shahara a ƙarnin da ya wuce, samari biyu ne ƴan ƙasar Ajantina suka yi ta. Ɗaya Alberto Granado, mai shekara 29, masanin haɗa magunguna da ya yi aiki a asibitin kutare. Ɗayan Ernesto Guevara, mai shekara 23, ɗalibin likitanci mai fama da ciwon asma, wanda daga baya duniya ta sani da laƙabin Che. Ranar 4 ga Janairun 1952 suka bar Buenos Aires bisa wani tsohon babur ƙirar Norton mai ƙarfin 500, na shekarar 1939, wanda Granado ya laƙaba wa suna La Poderosa, wato Ƙaƙƙarfa. Sun ɗora masa tanti da barguna da tukwane har ya rinjayi baya. Suka yi kudu ta bakin teku, suka ratsa filayen kiwo, suka hau gindin duwatsun Andis ta yankin tafkunan Bariloche, suka ƙetara zuwa ƙasar Cile a watan Fabrairu. Guevara ya rubuta labarin tafiyar, amma ba a buga shi ba sai a farkon shekarun 1990, sannan a 2004 Walter Salles, ɗan Barazil, ya mai da shi fim.

Wanda ya karanta kashin farko na littafin ba tare da sanin wanda ya rubuta shi ba, ba zai hangi wani mai juyin juya hali ba. Samari ne masu yawon buɗe ido: faɗuwa bisa tsakuwa, ɗaure ƙarfe da waya, neman inda za a ci gasasshen nama a ɓagas. A garin Temuco wata jarida ta buga hotonsu ta kira su ƙwararru kan cutar kuturta, su kuwa suka riƙa nuna takardar don a buɗe musu ƙofa. Wani dare a cikin duwatsu, an tsoratar da su da labarin wata damisar ƙasar, Guevara ya ga idanu biyu a duhu ya harba, ashe karen masu masaukinsu ne. A wani gari kuma sai da aka kore su daga wurin rawa saboda ya wuce iyaka da matar mutum. Mutanen karkara a wannan kashi tamkar itatuwan bakin hanya suke, ana wuce su, wani lokaci a sha inuwarsu.

Sai babur ya mutu. Bayan ya sha gyara, ya kasa hawa wani tudu a kudancin Cile, aka ɗora shi a babbar mota zuwa Santiyago, can suka bar shi a farkon watan Maris. Ke nan cikin tafiyar wata bakwai, Ƙaƙƙarfa ba ta yi fiye da wata biyu ba. Abin lura shi ne, kusan duk abin da ake tunawa da wannan tafiya dominsa, bayan mutuwar babur ɗin ya faru. A Valparaiso aka kai Guevara ya duba wata tsohuwa ƴar aiki mai ciwon asma da na zuciya, ya ga ba abin da zai iya yi mata, ya ga kuma yadda talaucin gida ke mai da majiyyaci kaya a kan danginsa. A hamadar Atakama, a kan hanyar Chuquicamata, babbar mahaƙar tagulla da wani kamfanin Amurka ke riƙe da ita a lokacin, suka kwana a fili tare da wani lebura da matarsa waɗanda aka tsananta wa saboda siyasa, ba su da ko bargo, sai da samarin suka ba su ɗaya daga cikin nasu. A ƙasar Peru suka hau bayan manyan motoci tare da ƴan asalin ƙasar da dabbobinsu, cikin sanyin tsaunuka, suka ga yadda ake zaunar da mutum wuri guda da kaya saboda launin fatarsa. A watan Yuni suka isa mazaunin kutare na San Pablo a bakin kogin Amazon, suka yi kwanaki suna gaisawa da majiyyata hannu da hannu ba safa, suna buga ƙwallo da su. Da za su tafi, majiyyatan da ma'aikatan ne suka haɗa musu kwale-kwalen gungume.

Me ya sauya? Idanunsu dai su ne na jiya. Abin da ya sauya shi ne matsayinsu. Muddin babur na ƙarƙashinsu, su ke da ikon cewa yanzu za mu tsaya, yanzu za mu tashi. Kowace hira suna iya yanke ta da bugun ƙafa ɗaya. Da ya mutu, sai suka koma masu jira a bakin hanya kamar kowa, masu roƙon a ɗauke su, masu jin sanyin da wanda ke kusa da su yake ji. A ganina nan ne amsar rabin tambayarmu take. Tafiya ba ta fara karantar da mutum sai ranar da ya rasa ikon wucewa, ya zama mabuƙaci a hannun waɗanda da kallonsu kawai yake yi.

Shari'ar Musulunci ta daɗe da fahimtar haka. Ta ɗauki matafiyi a matsayin mai rauni: ta rage masa salla, ta ba shi damar ajiye azumi ya rama, ta kuma sa ɗan hanya da guzurinsa ya yanke cikin mutum takwas da ake ba zakka, ko da attajiri ne a garinsu. Al'adarmu ma haka. A ƙauyukan Gobir da Adar da Damagaram ba a tambayar baƙo sunansa kafin a miƙa masa ruwa. To amma mun fi yawan magana kan haƙƙin baƙo a kan mai gida. Ba mu cika tambayar haƙƙin mai gida a kan baƙo ba, musamman irin baƙon da ba zai sake dawowa ba, balle wata rana shi ma ya shimfiɗa wa mai gidan tabarma. Tsohuwar ƙa'idar baƙunci ta ginu ne a kan cewa yau gare ka gobe gare ni. Fatake da alhazan ƙasa sun san za a sake haɗuwa. Inji ya karya wannan ƙa'ida. Mai babur na iya cin tuwon gida goma cikin mako guda, ba wanda zai sake ganinsa.

Mu a wannan ƙasa mun ga iyakar inda irin wannan wucewa ke kaiwa. Thierry Sabine ya ɓace a hamada bisa babur a 1977, daga nan ya ƙirƙiro tseren Paris-Dakar, wanda karonsa na farko ya tashi a ƙarshen Disambar 1978 ya bi ta Agadas da Yamai. Shekara da shekaru babura da motoci na keta Tenere da gefen duwatsun Abzin. Ban ce ba a amfana ba: Agadas ta ci kasuwa, kuma mawaƙin nan Daniel Balavoine, wanda ya rasu tare da Sabine a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairun 1986, aikin kai famfunan ruwa ƙauyuka ne ya kawo shi. Amma tseren ya kashe mutanen bakin hanya a ƙasashe da dama, har da yara ƙanana, kuma duniya ta riƙe sunayen direbobin da suka mutu ta manta da nasu. Da tsaro ya taɓarɓare aka soke na 2008, aka kwashe tseren zuwa Kudancin Amurka a 2009, sannan zuwa Saudiyya a 2020, da sunan Dakar ɗin da komai. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa yashi ake nema, ko na wace ƙasa ne.

Kada dai a yi saurin yanke hukuncin cewa Guevara shi ne kishiyar wannan, matafiyin kirki da ya gani ya gane. Labarin ya fi haka nauyi. A ƙarshen littafin nan da ake yabo, sa'ad da ya isa Karakas a watan Yuli, ya rubuta wasu kalmomi na raini game da baƙaƙen fatar unguwannin talakawa, yana siffanta su da lalaci da almubazzaranci. Mai karatu ɗan Afirka ba zai wuce wannan shafi bai tsaya ba. Ga mutumin da ya riƙe hannun kuturu ba ƙyama, ga shi kuma ya yi wa al'umma guda hukunci bayan yawon yini ɗaya da na'urar ɗaukar hoto a wuya.

Rayuwarsa ta gaba ma tana ɗauke da wannan tabo. Ba a musun cewa ya ɗauki bashin da muke magana da gaske. Ya bar aikin likita, daga baya ya bar kujerar minista a Kyuba, don abin da ya yi imani da shi. Amma hanyar da ya zaɓa ta biyan bashin ita ce ya yanke wa talakawa shawarar abin da ya dace da su, da bindiga a hannu. A 1959 shi ke shugabantar kurkukun La Cabaña inda aka yi shari'o'i aka harbe mutane. A 1965 ya shiga gabashin Kwango da dakarun Kyuba, bai san harsunan wurin ko rigingimun cikin gidansu ba, ya fito bayan wata bakwai, shi da kansa ya lissafa abin a matsayin faɗuwa. A Boliviya ya tafi ƴantar da manoma, ya kuma rubuta a kundinsa wata bayan wata cewa manoman ba su shigo cikinsu ba. An kama shi ranar 8 ga Oktoban 1967, aka kashe shi washegari a makarantar ƙauyen La Higuera. Ina ganin tausayin da ya samo a hanya na gaskiya ne, amma tausayi ne na mai wucewa. Ya ga ciwon mutane da idonsa, bai zauna ya ji yadda su da kansu suke fassara shi ba. Gani ya kori ji, haka ne, sai dai akwai jin da gani ba ya maye gurbinsa, wato sauraron mai abu.

Wannan magana ba ta yi nisa da mu ba. Mu nawa ne, malamai da masu duba makarantu da ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyin raya al'adu, muke hawa babur da safe mu shiga ƙauye, mu sha fura a ƙofar mai gari, mu cika takarda, mu komo kafin la'asar mu rubuta rahoto a kan abin da “mutanen karkara” suke so? Mu nawa ne muka ɗauko waƙar wata tsohuwa ko tarihin wani gari a kaset, muka buga, ba mu koma mun karanta musu abin da muka rubuta ba? Ba wanda zai ce a daina zuwa, kuma ba kowa ke da halin ya tare a can ba. Amma ko mai sauri yana iya faɗin abin da ya gani gwargwadon daɗewarsa: wanda ya kwana ɗaya ya ce na kwana ɗaya. Yana iya ambaton sunan garin da na masu aikin, ya kuma sake bin hanyar wata rana ya ba su damar su ce masa ba haka ba ne.

Shi kuwa mai babur ɗin, Alberto Granado, ba a buga hotonsa a riguna. Da suka rabu da abokinsa a Karakas a ƙarshen Yulin 1952, ya tsaya a Benezuwela ya kama aiki a asibitin kutare na Cabo Blanco, ya yi shekaru a can. A 1961 ya koma Kyuba da iyalinsa, ya koyar, ya kasance cikin waɗanda suka kafa makarantar likitanci a birnin Santiyago na ƙasar. Da za a yi fim ɗin 2004, yana da shekara wajen 80, ya bi masu aikin ya sake taka wuraren da suka ratsa shekara hamsin baya. Ya rasu a Habana a watan Maris na 2011, yana da shekara 88.